Ƙashin Ƙafar Kaka

Ƙanwata ba ta taɓa mafarkin karatun doki ba. Harhaɗa magunguna ta nema, jami'a ta dubi makinta ta jefa ta sashen kimiyyar dawaki da kula da su, sashen da duk gidanmu ba wanda ya san da shi a duniya. Baba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motocin mutane, ya ce, "To, ashe ke ma gyara za ki koya, sai dai naki injin yana harbi." Daga wannan rana sunanta ya ɓace, kowa Kofato yake ce mata.

Ni ce yayarta, ɗakinmu ɗaya, saboda haka ni na fi kowa shan wahalar karatun nan. Ta dawo da yamma tana warin fitsarin barga, takalmin robarta dame-dame da kashi, Mama ta tare ta a bakin ƙofa da bokiti da sabulu. Ni tela ce, kayan mutane nake ajiyewa a ɗakin, har wata amarya ta taɓa tambayata ko akuya muke kiwo a ƙarƙashin gado. Na yi zaton za ta gudu kafin shekara. Ina, sai ma abin ya shiga ranta. Yau a wata gonar dawaki take aiki, tana gyaran kofato da haƙora, hannunta ya yi kanta kamar na maƙeri.

Abin da ya fara ba ni ƙyama shi ne ranar da na kai mata saƙo makaranta. Sashen da ke da farfesoshi da ofisoshi masu sanyi, dabbarsa ɗaya tak: wata tsohuwar goɗiya ja da ɗalibai ke kira Kaka. A jikinta kowa ke koyon allura, wuyanta duk tabo. A bakinta ake koyon karanta shekaru, a ɗaga mata wutsiya a tura ma'aunin zafi, wannan ya cire wancan ya mayar, ana dariya ana ɗaukar hoto. Ita kuwa tana tsaye, ƙudaje na shagali a idonta. Kofato kaɗai ke zuwa ranar hutu ta kwashe mata kashi ta sauya mata ruwa.

A shekarar ƙanwata ta ƙarshe a makaranta ƙafafun Kaka na gaba suka kumbura daga cikin kofato. Takan tsaya ta jingina nauyinta baya, kamar mai taka garwashi. Ƙanwata ta riƙa jiƙa mata su a ruwan sanyi, ta shimfiɗa mata yashi mai laushi, ta ce in aka bar ta ta huta za ta tashi.

Sai ga labari cewa masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Aka yi wa barga fenti, ɓangaren da ke kallon titi kawai. Shugaban sashe, wanda kuma shi ke riƙe da darasin aikin hannu da ba a fita sai an ci, ya kira ƙanwata ofis.

"Ke ce gwanar allura a ajinku," ya ce. "Gobe da safe ki kashe wa Kaka jijiyar ƙafa. Baƙi za su ga ana sukuwa."

"Ranka ya daɗe, zafin ne ke hana ta taka ƙafar. In ba ta ji shi ba za ta sake nauyinta duka, ƙashin cikin kofaton ya sauka."

"Ni kike koya wa?"

"A'a, Malam. Kai ka koya mana."

"To ki zaɓa, ko allura ko ki manta da fita bana."

Da ta faɗa mana, Mama ta ce, "'Yar nan, ki yi masa abin da yake so, dabba ce fa." Baba ya tura kwanon abincinsa gefe. Kofato kuma ta ƙi yin allurar.

Wani ɗan ajinsu ya yi allurar, ya kuma goge tsagaggun kofatan da baƙin man takalmi har suna ƙyalli. Kaka ta zagaya fili da ƙato a bayanta, baƙi suka tafa, aka wuce cin abinci. Da allurar ta sake ta, ta kwanta. Ba ta ƙara tashi ba, sai ƙarasa ta aka yi. Sashe ya ci tantancewa, ɗan ajin ya fita da sakamako mai kyau, Kofato ta faɗi darasin.

Ko a mace ma ba su bar Kaka ba. Suka dafa ta a durom bayan ɗakin gwaji, warin ya hana mutane bin hanyar. Aka kankare ƙasusuwan, aka ɗaure su da waya, aka shafa musu mai, aka tsayar da ita a zauren sashe inda duk baƙon da ya shigo zai fara gani. Shugaban ya riƙa alfahari wai yanzu sun samu kayan koyarwa.

Shekara ta zagayo, ƙanwata ta shiga maimaita jarrabawar. Ɗaya bayan ɗaya ake kira, kuma a gaban ƙwarangwal ɗin ake yi. Mutumin nan, shugaban sashe, yana zaune da sanda a hannu. Ya nuna ƙaramin ƙashin ƙafar gaba, wanda bakinsa ya cinye ya lanƙwashe.

"Me ya sami wannan?"

"Kumburin cikin kofato ne, Malam. Ƙashin ya rabu da bangon, ya sauka ya huda tafin."

"Me ke kai shi haka?"

Ta ce min a nan ta dubi ƙashin Kaka ta amsa.

"A kashe wa dabba zafi, a sa ta gudu da kaya a baya."

Ya gyaɗa kai, ko ɗagowa bai yi ba.

"Daidai. Kin ga da kin nutsu ashe kina da ƙwaƙwalwa. Turo min na gaba."