Ranar da Baba ya yi goyo a ƙirji

Nas ɗin ta sauke jaririyar daga sikeli, ta dubi katin, ta dubi matar yayana. "Wannan satin ma ba ta ƙaru ba. Kina ɗaura ta a ƙirji kuwa kamar yadda na nuna miki?" Matar Yaya ta sunkuyar da kai. Nas ta ce in sati ya zagayo nauyin bai motsa ba, gado za a sake ba su. Shekara huɗu ke nan, amma wannan satin ba zai taɓa fita raina ba.

Jaririyar bakwaini ce. Sati uku ta yi a kwalbar asibiti a Birnin Kebbi, inda nake aiki. Da aka sallamo su, kamata ya yi uwar ta tafi wankan gida wurin iyayenta a Gwandu tunda haihuwar fari ce, amma gidanmu na Kalgo ya fi kusa da asibiti, sai aka ce ta zauna wurin Inna da Baba. Yaya yana koyarwa a Gwandu, sai Juma'a yake zuwa. Dokokin asibiti kuwa ga su nan: a tatsi nono a ba ta da ɗan kofi, maganin ƙarin jini kullum, awo duk sati, sannan ta wuni manne a ƙirjin uwa, fata da fata, don kar sanyi ya kama ta.

Na ɗauki hutu na bi su gida. Kwana ɗaya na gano matsalar. Da matar Yaya ta ji takun Inna, ko sallamar 'yan barka, sai ta kwance zani da sauri, ta shimfiɗe yarinyar a gado, ta kau da kai kamar ba tata ba. Gidanmu kuma gidan liman ne, ƙafa ba ta ɗaukewa.

Ni da rawar kaina na hau ta da faɗa. Na ce wannan wane irin sakaci ne? Yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Hawaye kawai ta share. "Anti, ɗiyar fari ce. A gidanmu uwa ba ta rungumar ɗan fari gaban surukai. Ko sunanta ban iya kira. In na aje ta, ji nake kamar an zare min rai, amma mi zan yi?"

Na kai wa Inna maganar a tsakar gida. Inna ta ce ai yarinya mai kunya ba a hana ta, addu'a dai za a ƙara. Ashe Baba na alwala a bayanmu yana ji.

Washegari da hantsi sai ga shi ya yi sallama a ƙofar ɗakin, shi da bai taɓa leƙawa ba. Ya wanke hannu da sabulu, ya cire riga da singileti, ya zauna a kujera. "A miƙo min amaryata." Inna ce ta ɗaura masa ita da zani, tana dariya har da riƙe ciki. "Malam, goyo a gaba da furfura? In masu bin ka salla suka gan ka fa?" Ya ce, "Su shigo su gani, sai su ƙaru."

Ya ja carbinsa ya fi awa ɗaya, 'yar mitsitsiyar tana barci a ƙarƙashin gemunsa. Sannan ya dubi surukarsa da ta takure a lungu. "Ɗiyata, addu'a muna yi dare da rana. Amma Allah ya aje maganin yarinyar ga a ƙirjinki. Ni na yafe kunyar. Karɓi abarki." A gabansa ta ɗaura ta. Daga ranar kuma 'yan barka suka koma tsayawa a zaure.

Ranar Juma'a mahaifiyar matar Yaya ta zo daga Gwandu, ta tarar da ita zaune da goyo a ƙirji ga Inna a gefe. Ta riƙe baki. Kafin ta yi magana Baba ya ɗago murya daga waje: "Ni na sa ta, Hajiya. In laifi ne nawa ne." Tsohuwar ta matsa ta gyara wa 'yarta ɗaurin zanin.

Da muka koma awo, nauyi ya ƙaru. Ba a ba su gado ba.

Yanzu yarinyar tana nan da ɗan gilashinta, muna kai ta duba ido lokaci-lokaci, surutu kamar rediyo. Abin da na koya shi ne, faɗana bai kwance komai ba, don ba ni ake jin kunya ba. Wanda ake yi wa kara shi kaɗai zai iya cewa ya yafe. Ku a gidanku, wane babba ne zai iya tuɓe rigarsa saboda jariri?