Abarshi da Ƙwaryar Nono

A kasuwar dabbobi ta Gure, in Abarshi ya ce saniya lafiyarta lau, ba mai sake buɗe mata baki. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana soja, shi ya sa yake ciniki kansa a karkace. Kowa ya san ya yi soja, amma ba a san cewa yawancin aikinsa ba da kaki ya yi shi ba.

Kwamando ne, sojan leƙen asiri. Akan ba shi rawani da sanda da 'yan shanu, ya shiga yankin tafkin Cadi da sunan aro, ya sauka a rugage kamar kowane makiyayi, ya gano maɓoyar 'yan bindiga, ya aika labari. Mutanen kirki sun shimfiɗa masa tabarma, sun ba shi nono, ya sha ya yi godiya. Bayan tafiyarsa sai jiragen yaƙi su zo. Tun da ya ajiye aiki nono ya ƙi wuce masa maƙogwaro.

Shi kuwa ya rasa wadda zai so duk faɗin Gure sai Habsatu, bazawara mai tallar nono, ƙanwar Hammajoda na wajen Bune. A rugarsu baƙon da ya ture ƙwarya ya raina gida, balle mai neman aure. Abokai suka ce ya kurɓa ya yi shiru, ko ya ce likita ne ya hana. Ya ce ƙarya kam ya yi wadda za ta ishe shi har kabari.

Ranar da ya je rugar neman auren, da aka ajiye ƙwaryar nono a gabansa bai taɓa ta ba. Ya faɗi sunansa da na ubansa, ya gaya wa Hammajoda irin aikin da ya yi da dalilin da ya sa ba zai iya sha ba. Tsoron rasa Habsatu ya cika shi, amma bai ɓoye komai ba.

Hammajoda yana da dangi a yankin tafkin, sai ya tambaye shi:

"Waɗanda suka ba ka nonon, me ya same su?"

"Wasu na sani, wasu ban sani ba. Kullum sai na tambayi kaina."

Hammajoda ya kira matarsa ta ɗauke ƙwaryar. Abarshi ya miƙe ya fara laluben takalmansa.

"Ina za ka?" in ji Hammajoda. "Shayi za a dafa maka. Maganar Habsatu ba a tsaye ake yin ta ba."