Bikin da Hadijatu ta Cire wa Ango

Malama Hadijatu ta yi shekara talatin da ɗaya tana buga takardu a sakatariyar Kankiya, tun zamanin tafireta har zuwan kwamfuta. A duk tsawon aikinta ba ta taɓa buga takarda ba tare da ta sa kabon a ƙarƙashi ba. Ɗaya ta tafi, ɗaya ta zauna a fayil. Ko wasiƙar gaisuwa za ta rubuta wa ƙanenta Ɗanmaliki da ke noma a Kusada, sai ta ajiye kwafi.

Shekara biyu bayan ta yi ritaya mijinta ya rasu. Da aka gama zaman makoki ta bincika wayarta, ta tarar bidiyonsa guda ɗaya ne tak, na daƙiƙa arba'in. Yana zaune bisa tabarma, yana cewa miya ba ta ji gishiri ba. Ta kalla sau uku, ta tuna cewa memorin da ke cikin wayar ya taɓa shiga ruwan wanki. Washegari ta ɗauki mayafi ta nufi shagon Kamalu mai gyaran kwamfuta a bakin tasha, magidanci mai furfura a gemu wanda ba ya son dogon zance.

"Malam Kamalu, ina son in ajiye wannan yadda ba za ya ɓace ba."

"Hajiya, komai yana ɓacewa. Sai dai ki sa shi wuri biyu, don kada su ɓace rana ɗaya."

"Kabon ke nan."

"Kabon ke nan," in ji shi.

Da farko memori biyu kawai ta nufa. Amma labari ya bazu cikin dangi cewa Hadijatu tana adana bidiyo. Aka fara kawo mata kaya cikin leda: kaset ɗin biki da ya fara fumfuna, faifan sidi da yara suka yi wasa da shi, wayar da gilashinta ya tsage. Daga Rimaye aka aiko da saukar karatu huɗu. Wani ɗan'uwa daga Sukuntuni ya kawo awa biyu na shanunsa suna shan ruwa, ya ce tarihi ne. Ba ta mayar da kowa ba.

Kamalu ya nuna mata sabbin akwatunan ajiya a hoto. Ta duba, ta ce ai ita ba banki za ta buɗe ba. Sai ya jawo wata tsohuwar kwamfutar tebur daga ƙarƙashin benci, ya kakkaɓe, ya samo faifan ajiya na hannu guda biyu daga Kano, kowane girman cikinsa tera huɗu. Ya ce da gangan ya sayo su daga kamfani daban-daban, domin waɗanda aka ƙera tare sukan mutu tare. Ya haɗa su ta yadda duk abin da aka zuba wa ɗaya, nan take ɗayan zai kwafa. Na uku kuwa a waje yake, cikin ɗan gida na roba, wanda za a riƙa cikawa ana kaiwa wani gari.

Ta koyi aikin cikin mako biyu, tana rubuta kowane mataki a littafi. Ta ajiye kwamfutar a ɗakin da ya fi sanyi, ta ɗora ta bisa bulo, ta ja mata wuta daga sola. Fankar gidan guda ɗaya ce, ta juya ta wajen na'urar. A watan bazara baƙi sukan zauna suna fifita da murfin kwano, kwamfuta tana shan iska.

Duk farkon wata takan hau mota zuwa Kusada, ta karɓo faifai na uku, ta cika shi, ta mayar. Ɗanmaliki yana ajiye shi cikin kwalla, naɗe da tsohon rawani. Bai taɓa tambayar yadda abin yake aiki ba, amma ya hana kowa ɗaga murfin.

A shekara ta huɗu faifai ɗaya ya fara ƙara, ƙwas-ƙwas, kamar kaza tana tsintar hatsi. Maƙwabta suka shigo jaje. Hadijatu ta duba littafinta, ta kashe na'ura, ta aika wa Kamalu. Aka sa wani faifan, ya kwana biyu yana kwafa daga ɗan'uwansa, ko daƙiƙa ɗaya ba ta ɓace ba. Masu jaje suka koma gida da ɗan guntun takaici.

Matsalar gaske daga Fiddausi ta zo, ɗiyar Ɗanmaliki, malamar asibiti. Aurenta na fari ya ƙare shekaru shida da suka wuce, ga shi an sa ranar wani da Abdullatif, malamin makaranta. Ta zo da hantsi, ta gaisa, ta sha fura, sannan ta ce:

"Gwaggo, bidiyon bikina na can. Ina son ki goge shi."

Tun da Hadijatu ta fara wannan aiki ba wanda ya taɓa neman ta goge wani abu, kuma littafinta ba ya da shafin haka.

"Duka?"

"Duka. Ba na son ranar Sallah a kunna wa yara, Abdullatif na zaune."

"Kin yi gaskiya. Amma zauna mu gani tukuna."

Suka kunna. Awa uku da minti goma ne. Can wajen tsakiya sai ga Dada, mahaifiyar Hadijatu, kakar Fiddausi, wadda ta rasu shekarar da ta biyo bayan bikin. Ta tashi daga kujera, ta miƙa wa wata sandarta, ta taka rawa ta kusan minti ɗaya, tana dariya da haƙoranta biyu. Daga nan ta yi ta bayyana: tana raba goro, tana yi wa masu girki faɗa, tana gyangyaɗi. Duk cikin tera huɗun babu wani wurin da Dada take motsi sai nan.

Fiddausi ta share ido da gefen mayafi. "To yanzu ya za a yi?"

"Bikin kike ƙi ko angon?"

"Angon."

"To shi za mu cire."

Kamalu ya nuna mata yadda ake yanka bidiyo, ya ce kada a sa sunansa a ciki. Kwana tara tana zaune da tabarau, tana bin ango duk inda ya leƙo. Inda yake shi kaɗai ta yanke. Inda ya tsaya gefe ta matse hoton har ya fita, sai dai wani wuri da hannun babbar rigarsa ya ƙi fita, ta bar shi. Da ta gama ta duba tsawon abin da ya rage: awa biyu da minti hamsin da huɗu.

"Ashe ango ba ya da yawa a biki," ta faɗa wa Fiddausi.

Ta goge tsohon bidiyon daga faifai biyun gida. Saura na Kusada. Fiddausi ta ce tare za su je, ta gani da idonta. Ɗanmaliki ya fito da kwalla, ya warware rawani, ya saurari bayani har ƙarshe.

"Yaya, wato shekara da shekaru ina gadin wannan mutumin a ɗakina?"

"Kana gadin Dada. Shi raɓawa ya yi."

Ya miƙa mata faifan da hannu biyu.

An ɗaura auren Fiddausi da Abdullatif bayan kaka. Da mai ɗaukar bidiyo ya iso yana kafa ƙafafun kyamara, Hadijatu ta kira shi gefe. Ta ce ya ɗauki tsofaffi da kyau, ya daɗe a kan kowace, kada ya yi ta yawo da hannu. Ta ƙara da cewa shi ango, a ɗauke shi shi kaɗai, can jikin bango.

Fiddausi ta ji. "Haba Gwaggo!"

"Allah shi ba ku zaman lafiya har tsufa," in ji Hadijatu. "Ni dai idona ne ba ya ɗaukar wasu kwana tara."