Mai Sikelin Bakin Kantin Magani

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana awon buhuna a masana'antar sabulu, har ranar da aka tara ma'aikata a tsakar fili aka ce an rufe. Ya dawo gida da rana tsaka, ko buɗe kwanon abincinsa bai yi ba. Matarsa ta dube shi, ta dubi kwanon, ta janyo masa kujera.

Washegari yayansa ya zo. Yaya tsohon akawu ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, mutumin da ko fanka ce ta tsaya a ɗaki, shawararsa ta farko ita ce a rubuta takarda. Ya ce an buɗe shirin tallafa wa masu son kama sana'a, kuma shi da hannunsa zai cika masa fom.

Sau uku suka cika. Na farko aka ce hoton ya yi duhu. Na biyu aka ce kunne ɗaya bai fito ba. Na uku aka karɓa, aka buga hatimi, aka ce ya je gida za a neme shi. Wata bakwai yana jira. Abin da ya samu a shirin bai wuce sabo da mai ɗaukar hoto ba.

Ran nan yana yawo a kasuwar 'yan gwanjo sai ya ga sikelin awon mutum, irin mai allura, fentinsa duk ya kwarzane. Ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Ya san sikeli kamar yadda ya san hanyar gidansa, ya kuma ga allurar nan ba ta ƙarya. Ya sayar da rediyonsa ya saye shi. Ya roƙi wani mai kantin magani ya bar shi ya raɓa a ƙarƙashin rumfarsa, ya shimfiɗa kwali, ya rubuta a jikin allo: ZO KA SAN NAUYINKA.

Da Yaya ya ji labari, takanas ya hau mota ya zo ya gani da idonsa.

"Wannan sana'a ce ko neman magana?" in ji shi. "Mutum ya biya kuɗi don a gaya masa abin da wandonsa ya riga ya gaya masa?"

"Yaya, ai wando ba ya faɗin lamba."

Mutane kuwa suka riƙa hawa. Kafin shekara ta zagayo duk layin ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Sikeli. Ya gano cewa rabin aikin na allura ne, rabi na baki. In mutum ya hau, sai ya rufe gilashin allurar da tafin hannu, ya leƙa shi kaɗai, ya miƙe ya raɗa lambar a kunne. Bai taɓa rage ko ƙara kilo ɗaya ba. Amma in mai jiki ce sai ya ƙara da cewa, "Takalman nan naki ma ai ba ƙananan kaya ba ne." In siriri ne ya ce, "Ƙashi mai kyau, nama na tafe." Yana awon jakar matafiya da jarirai. Har talotalo ya taɓa aunawa: mai shi ya hau rungume da shi, ya sauka ya sake hawa shi kaɗai, aka ɗebe wannan daga wancan, talotalon na ta masifa a hannun Mai Sikeli.

Da wannan ya ciyar da gida, ya sa 'ya'ya uku a makaranta. Da wannan kuma ya zama malamin kasuwa, wanda ba wanda ya naɗa. Duk Asabar da yamma a falon Yaya ake zaman muhawara, matan su kwashe kofunansu su koma kicin tun kafin a fara.

"Kasuwa ba ta taɓa tambayata hoto ba," Mai Sikeli zai ce. "A bar mutum ya nema da hannunsa, shi ke nan."

Yaya ya ce, "Titin da kake zama a bakinsa, kai ka shimfiɗa shi? Makarantar da ta koya maka karanta lambar fa, kakarmu ce ta gina?"

"Ni dai inuwar da nake ciki ta mai kantin magani ce."

"Shi kuma wa ya ba shi lasin?"

Haka za su yi ta yi har shayi ya huce, su rabu kowa na ganin shi ya ci.

A shekara ta shida, wata safiya, Mai Sikeli ya iso ya tarar an kafa farar rumfa a tsallaken titi, daidai saitinsa. Hukumar lafiya ce ta kawo awon nauyi da na jini kyauta, da kujeru shida, da wata nas mai fara'a, da sabon sikeli mai batir. Kwana huɗu ko kare bai taka sikelinsa ba. Yaya ya zo da sabuwar riga, ya shiga layi, yana ɗago masa hannu daga tsallake.

Sai dai sikelin hukuma mai magana ne, kuma ba wanda ya san inda ake rage masa murya. A rana ta biyar shugabar makarantar 'yan mata ta hau, mace mai kwarjini wadda ko direbobi ke rage gudu in sun hango ta. Na'urar ta buɗe baki ta sanar da duk layin: "Kilo ɗari da huɗu!" Mai gyaran taya ya ajiye guduma. Shugabar ta sauka a hankali, ta gyara jakarta, ta tsallako titi kai tsaye, ta hau tsohon sikeli. Mai Sikeli ya rufe gilashi, ya leƙa, ya raɗa mata. Lambar ɗaya ce, ba bambanci. Ta biya ninki biyu, ta ce Allah ya yi masa albarka.

Daga ranar kasuwa ta dawo, har ta fi da. Bayan wata biyu kuma na'urar ta yi shiru gaba ɗaya. Nas ɗin ta rubuta takarda a gyara, aka ce ana dubawa. Rahoton wata kuwa ba ya jira. Ta tsallako tana jin nauyi.

"Baba, in na turo maka mutanena za ka auna mini su? Ofis zai biya."

Ya ce ba komai, 'yata. Ta ce to tunda ya zama abokin aiki, ya miƙo hannu ta gwada jininsa. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, bai taɓa kwanciya asibiti ba. Ta dai naɗa masa abin a damtse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa. Fara'ar ta ɗauke.

"Baba, da wannan hawan jinin kake zama cikin rana? Yau ɗin nan za ka ga likita."

Ya gan shi. Aka ɗora shi kan magani, na kyauta, wanda yake karɓa duk wata a farar rumfar. Ya roƙi matarsa kada Yaya ya ji. Ta yi alkawari, ta kuma riƙe shi har kwana biyu, sannan ta gaya wa matar Yaya a waya.

Asabar ɗin nan Yaya ya tarbe shi a falo. Ya zuba shayi, ya tura sukari gefe, can nesa da ƙanensa. Sannan ya ce, "Na ji an ce gwamnati ta taɓa maka hannu."

"Ciniki ne, Yaya. Ni ina auna mata mutane, ita tana auna ni."

"Ƙwayoyin maganin fa?"

Mai Sikeli ya daɗe yana juya cokali. "Ƙwayoyin suna da kyau," ya ce. "Amma ka je ka tambaye su wa ke riƙe musu da rahoto."

Ba a taɓa gyara na'urar ba. Da damina ta yi ƙarfi nas ɗin ta ce ya dawo cikin farar rumfa da sikelinsa, ya ce a'a, shi ɗan kasuwa ne, ba ya zama a ofis. Kujera ɗaya kawai ya yarda ya ara, saboda gwiwa. Babbar 'yarsa ta gama makaranta, ta shiga koyon aikin jinya. Ranar da ta fara sa fararen kaya ta biyo ta layin don ya gan ta. Ya tashi tsaye, ya zagaya ta sau biyu, ya kira mai kantin magani da mai gyaran taya su zo su gani, ya bar mutum uku a tsaye suna jiran awo.