Catherine Mai Tagar Jabi

Duk wanda ya saba shiga mota a tashar Jabi ya san Catherine Godfrey, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce matar nan mai tabarau mai kauri da ke zaune bayan taga a ofishin wani kamfanin motocin Jos da Kaduna, tana raba wa fasinjoji kujeru. 'Yar Gbagyi ce, haihuwar wani ƙauye da birni ya haɗiye tun tana firamare. Mijinta makanike ne a Apo. Da ya rasu, tagar nan ce ta rufa mata asiri, ita da 'ya'yanta biyu.

Shekarar da kamfanin ya mayar da sayar da kujeru kan shafin intanet, a shekarar ciwon suga ya fara taɓa mata ido. Rubutun shafin ƙanana ne kamar kiyashi, kibiyar kwamfuta kuwa sai ta ɓace mata a allo. In sabis ya ɗauke, duk abin da ta shigar ya tafi, sai ta sake daga farko, layi na ta tsawo. Ran nan ta ba mutum biyu kujera ɗaya, aka yi ta cacar baki har direba ya sa baki.

Oga ya kira ta, da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Madam, ko za ki koma ɗakin ajiyar kaya? Can ba kwamfuta."

Ta ce za ta yi tunani. A ranta kuwa ta san bayanta ba zai iya da buhuna ba.

Ashe Surayya, wadda ke kula da shafin kamfanin daga babban ofis, ta ji labari. Ta zo da kanta, ta ja kujera.

"Mama, ki yi aikinki kamar ba na nan. So nake in ga inda yake ba ki wahala."

Wuni guda tana kallo, tambaya ɗaya-ɗaya. Bayan 'yan makonni ta dawo, ta ɗora wata manhaja a kan kwamfutar teburin. Allon baƙi, rubutun fari ƙato-ƙato, hoton mota da kujerunta a fili. Ba neman kibiya, madannai kawai.

Catherine ta ce, "To shafin fa, 'yata? An daina?"

"Yana nan, Mama. Wannan fuska ce kawai na yi miki. Ke ki gaya mata, ita ta gaya wa shafin. In sabis ya tafi, ta riƙe saƙon har ya dawo."

Catherine ta danna lamba bakwai, kujerar ta koma koriya, tana ganinta sarai ba tare da ta kai hanci jikin allo ba. Ta cire tabarau ta goge ido da bakin zani.

"Allah ya yi miki albarka," abin da ta iya faɗa ke nan.

Ba a sake tada maganar ɗakin kaya ba. Daga baya ma'aikatan sauran tagogi, masu lafiyayyen ido, su ma suka roƙa aka sa musu, Catherine ce ta koya musu. Ranar sunan ɗan Surayya na fari, tun da safe Catherine ta isa gidansu a Gwarinpa, aka same ta a tsakar gida cikin dangi tana tuƙa tuwo.