Ruwan da Ya Fito da Laka

Shekara ashirin da shida Mai Kwalba ya yi yana aiki a gindin madatsar ruwa, amma ko a garinsu ba kowa ya san abin da yake yi ba. In an tambayi matarsa sai ta ce ma'aikacin gidan wuta ne kawai. Yayansa kuwa, wanda ya riƙe shi tun mutuwar mahaifinsu, cewa yake gwamnati na biyan ƙanensa don ya kalli fitsarin dam.

Maganar Yaya ba ta yi nisa da gaskiya ba. Madatsar ta ƙasa ce: yumɓu a tsakiya, rairayi da tsakuwa a bayansa, manyan duwatsu daga waje. Ruwan tafkin yana gangarowa ta cikin bututu uku, ya bugi farfela, farfela ta juya janareta, wuta ta tafi birni. Iyakar tudun ruwan, iyakar ƙarfin wutar, shi ya sa manya ba sa son jin an ce a rage shi. To amma babu madatsar ƙasa da ba ta yoyo. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta a hankali, ya taru a wata 'yar kwata can ƙasa, ya zubo ta tsagar wani farantin ƙarfe. Kullum da hantsi Mai Kwalba zai sauka matakala ɗari da sha huɗu, ya auna tsayin ruwan da rula, ya cika kwalba, ya ɗaga ta sama ya duba. In ruwan garau yake, lafiya. In ya fito da laka, madatsar ce take cinye kanta daga ciki.

Wata Laraba, kwalbar ta fito kamar an wanke tukunya a ciki. Ya zubar, ya ɗauraye, ya sake ɗiba. Haka dai. Ya hau matakalar nan bai tsaya hutawa ba, ya dire kwalbar a kan teburin Injiniya mai kula da madatsar. Injiniyan ya san aikinsa, ba a raba shi da wannan. Ya duba ya ce dole a rage ruwan tafkin da mita huɗu, a buɗe ƙofofin sakin ruwa, a nemo inda ramin yake a toshe. Sai dai ba shi da ikon buɗe ko ƙofa ɗaya sai takarda ta sauko daga sama. Ya kuma ja wa Mai Kwalba kunne: kada maganar ta fita, kada mutane su firgita su ce dam zai fashe, wanda duk ya yi surutu a bakin aikinsa.

Gonar Yaya tana ƙasa da madatsar, a bakin kogi, tafiyar minti ashirin. Albasa ce fal, saura mako biyu a cire, ga injin ban ruwa da bai kai wata uku da saye ba. Kowa ya san inda ruwa ke bi in an buɗe ƙofofi.

Takardar ta yi kwana biyu tana yawo daga tebur zuwa tebur. Kwana biyu! Mutanen da ko ƙafarsu ba ta taɓa taka gindin madatsar ba, su ne suke jan biro. Ran Alhamis Mai Kwalba ya bi ta gidan Yaya kamar yadda ya saba, aka zubo musu abinci a tire ɗaya. Yaya yana ci yana lissafin buhunan da zai samu, yana tsokanar matarsa cewa bana sai ta gaji da yanka albasa. Can ya juyo.

"Kai, ƙaramin injiniya, ya fitsarin naku?"

"Lafiya lau, Yaya."

Abin da ya faɗa ke nan. Ya sa hannu ya ci gaba da cin abinci.

Ranar Juma'a da safe aka busa jiniya, mota mai lasifika ta zaga tana cewa kowa ya bar bakin kogi. Awa biyar aka ba su. Awa biyar ta isa mutum ya kwashe 'ya'yansa da awaki, ba ta isa ya cire albasar kadada guda ba. Yaya ya je ɗauko injin ya tarar da jami'ai sun tare hanya. Daga kan tudu ya tsaya ya ga ruwa ya shafe gonar, ko ganye bai leƙo ba.

Madatsar ba ta fashe ba. An gano ramin, an ɗura masa siminti da yumɓu, bayan wata biyu aka mayar da ruwa. Da yake babu wanda ya mutu, babu wanda ya ce an gode. Mutanen birni suka yi ta zagin gidan wuta saboda ƙarancin lantarki, manoma suka ce da gangan aka yi musu. An yi taro, an tafa wa manya, an ba Injiniya allon yabo. Mutumin da ya ɗaga kwalbar yana waje yana jera kujeru. Bayan shekara uku suka binne wata na'ura mai auna ruwan a kwatar, suka ba shi takardar ajiye aiki.

Duk wannan bai ci shi kamar shirun Yaya ba. Yaya bai zage shi ba, bai kai ƙararsa wurin dangi ba. Gaisuwa dai yana amsawa, amma tsokana ta mutu. Ya sayar da filin, ya koma gadin wani shagon katako. In Mai Kwalba ya zo, sai matar Yaya ta zubo masa nasa abincin daban, tana sunkuyar da kai. Sau nawa ya shirya magana a hanya, ya iso ƙofar gida maganar ta gudu.

Shekara bakwai ana haka, ciwo ya kwantar da Yaya. Mai Kwalba ya same shi a ɗaki, ya rame, an jingina shi da filo biyu, kwalaben magani a kan taga. Yaya ya sa matarsa ta fita. Ya dubi rufin ɗaki, ya ce:

"Ranar nan da muka ci abinci. Ka sani?"

Mai Kwalba yana iya cewa sai da safe aka gaya masa. Babu mai ƙaryata shi, Injiniyan ma ya daɗe da barin garin. Amma mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana faɗin abin da ya gani, ba ragi ba ƙari.

"Na sani, Yaya. Tun Laraba."

Yaya ya lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen kunnensa, bai share ba.

"Shekara bakwai ina jira ka ce mini ba ka sani ba," ya ce. "Da ka faɗa, wallahi da na yarda."

Ya juya fuskarsa bango, ya kira matarsa ta raka baƙo.