Ranar da Suka Buga Sanduna a Ƙanƙara

Ni ne direban kocin da ke koya wa ɗaliban kwaleji wasan hoki na ƙanƙara a Doha. Tsohon ɗan wasa ne, amma gwiwarsa ta lalace. Kullum in na ɗauko shi daga unguwar Ain Khaled yana ɗingishi, sai in ji tsoron kada a sallame shi daga aiki.

Ranar da aka sallame shi, ɗaliban suka jeru suna ta buga sandunansu na hoki a kan ƙanƙarar filin wasan. Na zaci wulaƙanci ne, na matsa in janye shi.

"Bar su, Malam," ya ce. "Haka muke ban kwana."

Muka shiga mota zan mayar da shi gida. Sai na rage gudu, don kada mu yi saurin rabuwa.